Kwamfutar shagona ta koma tafiyar hawainiya, in canza mata firosesa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu. Kwamfutar da nake aiki da ita Dell OptiPlex 7010 ce, Landan-yus na saye ta shekarun baya. Core i5 ce, ram gig 4, faifan ajiya gig 500, da Windows 10 a kai. Yanzu in na kunna ta, sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama buɗewa ba. Word da CorelDRAW sai maƙalewa suke, ga kwastoma a tsaye yana kallona. Sau biyu ana yi mata fomatin, ta ɗan farfaɗo, ta koma gidan jiya. Wani ya ce in sa mata i7. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kuɗin i7 ɗin nan ka bar su a aljihu tukuna.

Irin kwamfutarka ta sha hawa teburina, ita da takwararta HP Compaq Elite 8300, domin su ne ofisoshin Turai da Amurka suka sauke da yawa aka kwaso mana. 'Yan 2012 ne. Firosesar da ke cikin akasarinsu i5-3470 ce, mai kwo huɗu, wato ƙwaƙwalen aiki huɗu a cikinta, tana gudu a 3.2 GHz, kuma har gobe ba ta kasa ɗaukar Word ba. Wanda ke ɓata maka lokaci, in dai ba an samu wani abu na daban ba, shi ne faifan ajiyar, wanda mu a shago muke kira had-dis.

Ka ɗauki mai shayi. Hannunsa shi ne firosesa, teburinsa shi ne ram, gidansu inda ya ajiye kiret ɗin ƙwai da buhun sukari shi ne faifan ajiya. Mai shayin naka hannunsa da sauri, amma teburin ƙarami ne, kuma duk ƙwan da zai fasa sai ya aiki wani tsoho gida ya ɗauko a ƙafa. Wanda ya ce ka sa i7 cewa ya yi ka kawo mai shayin da ya fi wannan zafin nama. To ya zo ya yi me? Shi ma zama zai yi yana jiran tsohon.

Amma kada ka yarda da ni haka kawai, kwamfutar za ta faɗa maka da bakinta. Lokacin da ta fara wannan nauyin, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga inda aka rubuta Performance, ka duba abu uku: CPU, Memory da Disk. Abin da nake sa ran ka gani shi ne Disk a maƙale a 100%, Memory ta haura 80%, ita kuwa CPU tana can ƙasa tana hamma a 15% ko 20%. In haka ka gani, magana ta ƙare.

Dalili kuwa a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa fasa mataccen had-dis. Faranti ne a ciki mai sheƙi kamar madubi, yana juyawa sau 7200 a minti, da wata 'yar allura da ke kai da komo a kansa tana neman inda aka rubuta abu. Duk neman da za ta yi yana cin wajen kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Ka ce ai ba komai ba ne. To Windows 10 in tana tashi, dubban ƙananan fayiloli take nema a warwatse, ga sabuntawa tana saukowa a ɓoye, ga manhajar tsaro tana bincike, kowa yana jan allura ɗaya. Ƙari a kan haka, da ram ya cika, Windows kan kwashe abin da ya rasa wuri ta jibge a kan wannan faifan da dama numfashi yake da ƙyar. Shi ya sa fomatin ke ba ka sauƙi na 'yan makonni: an rage masu jan allurar ne kawai, da suka dawo ciwon ya dawo.

Maganin shi ne SSD, sabon nau'in faifan ajiya da ba shi da faranti, ba shi da allura, babu abin da ke motsi a cikinsa. Neman da had-dis ke yi, shi yakan yi shi cikin lokacin da ya gaza haka wajen ninki ɗari. A karatun babban fayil kuma, had-dis irin naka yana ba da megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD na SATA yana kai 500 da ɗoriya. Kwamfutar da ke cinye maka alwala guda kafin ta buɗe, da SSD a ciki ba za ka gama gyara zama a kujera ba ta miƙo maka fuska. A duk gyaran da nake yi, babu wanda ke sa mai kaya ya tambaye ni ko na musanya masa kwamfuta ne sai wannan.

Kafin ka je kasuwa, akwai abin da ya fi saurin gaggawa. Sauke wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo. Tana karanto rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa game da kansa. In ta nuna Good da shuɗi, alhamdu lillahi. In ta nuna Caution da ruwan ɗorawa, faifan ya fara samun wuraren da ba sa karantuwa, kuma wani ɓangare na maƙalewar da kake gani ƙoƙarin sake karanta su ne. Ranar nan, ba gobe ba, ka kwashe ayyukan mutane zuwa wani wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na taɓa zama da wani mai shago irin naka, ido ya yi ja, kundin digirin ɗalibai uku yana cikin faifan da ya koma yin ƙas-ƙas-ƙas kamar agogon bango, an kuma sa musu ranar miƙawa. Biyu muka ceto. Duba kuma awannin da faifan ya yi yana aiki, manhajar na nunawa a gefen dama. A Landan-yus na sha ganin wanda ya haura awa 30,000 tun kafin ya shigo hannun mai shi na nan.

Wajen saye, ka ce a ba ka SSD na SATA mai inci 2.5. Kada a lallaɓe ka da siririn nan mai kama da cingam, wato M.2 ko NVMe, ana ce maka ya fi gudu. Ya fi gudu, gaskiya ne, amma madabod ɗinka, wato babban allon da komai ke soke a jikinsa, ba shi da raminsa, kuma ko an haɗa shi da adafta kwamfutar ba za ta tashi daga kansa ba yadda take. Gig 240 ko 256 ya ishi Windows da manhajojinka. In aljihu ya yarda ka ɗauki 480 ko 500, domin SSD ba ya son a cika shi maƙil, a bar masa kamar kashi ɗaya cikin biyar yana shan iska. Tsohon faifan, in lafiyarsa ƙalau, ya zauna a matsayin ɗakin ajiya na biyu. In ƙaramin akwati ne naka kuma waya ta yi ƙaranci, zare ta na'urar DVD, yaushe rabonka da saka faifan CD?

Ka yi hattara da jabu, sun cika gari. Kwali mai kyau, suna sananne, farashi kamar kyauta. An taɓa kawo mini wani da aka rubuta terabait ɗaya a jikinsa, Windows ma ta yarda terabait ɗaya ne. Da na fasa robar, ɗan katin ajiya irin na waya na tarar an manna da gam, da wani guntun ƙarfe don ya yi nauyi a hannu. Irin wannan yakan karɓi duk abin da ka zuba, sai ranar da ka zo buɗewa ka tarar da iska. Ka saya a wurin wanda zai ba ka rasit ya kuma yarda ka dawo da shi, sannan kafin ka ɗora komai ka gwada shi da H2testw, wadda ke cika faifan da rubutu ta sake karantawa ta gaya maka ainihin cikinsa. Tana ɗaukar lokaci. Bar ta ta yi.

Wajen ɗaurawa, abubuwa ƙanana ne ke raba aikin gwani da na ɗan koyo. Ka soka SSD a ramin da aka rubuta SATA0 a jikin madabod, domin ba duka ramukan ne ke da cikakken gudu ba a injinan wancan zamanin. Ka danna F2 lokacin tashi ka shiga BIOS, wato shafin saitin injin, ka tabbata an saita SATA a kan AHCI kafin a ɗora Windows, don in aka canza bayan an ɗora, sau da yawa shuɗin allo ke biyo baya. Ni na fi son a ɗora Windows sabuwa fil daga filas mai gig 8, maimakon a kwafo tsohuwar da duk tarkacenta, kuma lallai ta zama mai 64-bit. Mai 32-bit ba ta iya amfani da ram ɗin da ya wuce gig 4, hasali ma uku da 'yan kai take gani, ko nawa ka zuba. Sannan a cire wayar tsohon faifan har a gama ɗorawa. In aka bar shi a haɗe, Windows takan ajiye 'yan fayilolin tashinta a can, ranar da ya mutu sai sabon ma ya ƙi tashi, ka rasa dalili.

Abu ɗaya da masu fomatin ke mantawa kullum a shago irin naka: salon rubutun da ka tara shekara da shekaru, na Larabci, na katin biki, na Hausa mai ƙugiya. Akasari suna cikin C:\Windows\Fonts. Kwafe su tun kafin a taɓa komai, in ba haka ba ka buɗe tsohon aikin CorelDRAW ka tarar da sunan amarya ya koma akwatuna. Haka direban firintarka.

Sai ram. Gig 4 ya yi wa Windows 10 kaɗan, ita kaɗai tana lashe kusan rabi kafin ka buɗe komai, Chrome kuma ba ya ƙoshi. Kai shi 8. DDR3 kwamfutarka ke ci, kuma ban da mafi ƙanƙantar samfurin, ramuka huɗu ne da ita. Karanta takardar da ke manne a jikin ram ɗin kafin ka biya: PC3-12800U kake nema. Harafin ƙarshen nan shi ne magana. U na kwamfutar tebur ne. S na laftof ne, gajere, ba zai ma shiga ba. R na manyan injinan saba ne, wato server, ana samunsa da araha a kasuwa, zai shiga ramin daram, amma kwamfutar ba za ta tashi ba. In wanda ke ciki guda ɗaya ne mai gig 4, nemo masa abokin da suka yi daidai, ka sa su a ramuka masu launi ɗaya, sai su riƙa aiki tare kamar shanun huɗa. In ka sa ta ƙi kawo hoto, kada hankalinka ya tashi. Zare, goge haƙoran zinaren da abin goge fensir, mayar, danna har maƙallan gefe biyu su ce ƙas. Gig 16 sai in kana buɗe manyan hotuna a Photoshop, kuma zan gaya maka a ƙasa abin da ya sa ba na son ka zuba kuɗi da yawa a DDR3.

Yanzu abin da ba ya cin ko sisi, wanda kuma mu a nan ya fi damun mu fiye da waɗanda suka ƙera injin. An yi kwamfutar nan ne don ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. Mu kuwa muna da hunturu mai cusa ƙura ta kowace kafa, daga nan bazara ta shigo da zafin da ke haura digiri 40. Yaushe rabon da a buɗe akwatin nan? Na buɗe wata kwanan baya, tsakanin fanka da ƙarfen da ke shanye zafin firosesa ƙura ta dunƙule ta zama kamar bargo, da yatsa biyu na ɗago ta a haɗe, ja-ja-ja irin ƙasar bakin titi. Cikin tukunyar wutar kuma, wato akwatin da ke raba wa injin wuta, busasshiyar tsaka ce kwance. Firosesa tana da dabarar kare kanta: in zafinta ya doshi digiri 100, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Alamar ita ce kwamfuta ta yi lafiya da safe, da azahar ta fara ja da baya, fanka yana kuka kamar injin markaɗe. Manhajar HWMonitor za ta nuna maka zafin. In tana zaune ba ta aikin komai amma tana kan 70, ko tana haura 90 da ka ɗora mata aiki, akwai gyara.

Cire wayar wuta, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar ta fita, fitar da akwatin waje, ka busa da bulowa. Ka dafe fanka da yatsa lokacin busawa, kada iska ta juya shi fiye da ƙima. Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai a ciki, musamman da hunturu, lokacin da ko mayafi ka ja sai ya yi tartsatsi. Man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyayawa, bayan shekara goma da wani abu, ya bushe ya zama kamar alli. A goge shi da sifirit, a ɗiga sabo daidai ƙwayar wake a tsakiya, a mayar a ɗaure. Man goge baki ba ya wannan aikin, ko wa ya gaya maka, na kankare shi a kan firosesa fiye da sau ɗaya. Daga nan ka ɗauke akwatin daga ƙasa ka ɗora a kan tebur ko benci, ka ba bayansa tazara da bango.

Tunda akwatin a buɗe yake, kalli ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kan madabod, wato kafasita. Kansu a shafe ya kamata ya kasance. In ka ga wanda ya kumbura ko ya tsiyayo da wani abu ruwan ƙasa, to ka dakata da sayen komai, madabod ɗin na kan hanya. Akwai kuma ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032. In kwamfutar na mance kwanan wata duk lokacin da aka ɗauke wuta, shi ne ya mutu, kuma kwanan wata in ya karkace shafukan intanet da yawa sukan ƙi buɗewa, mutum ya yi ta zagin masu netwok. Maganar ɗauke wuta kuwa, in ba ka da UPS ka nema, ko wanda zai riƙe ka minti biyar ka adana aiki ka kashe. Yankewar wuta ana tsakiyar rubutu tana lalata fayilolin Windows, kuma SSD ma bai tsira daga wannan ba.

Ta ɓangaren manhaja ba zan tsawaita ba. A Task Manager akwai Startup, kashe duk abin da ba ka buƙatar ya tashi tare da kwamfutar. Manhajojin da ke cewa za su ƙara gudu ko su wanke rajista, goge su, gyaran gangar Auzinawa ne. Manhajar tsaro guda ɗaya tak, biyu faɗa suke yi da juna a kan faifanka, kuma Defender da ke zuwa da Windows ya wadatar muddin yana samun sabuntawa. Babbar ƙofar cuta a shagonka filas ɗin kwastomomi ne, mai mayar da fayiloli su zama gajerun hanyoyi. Duk wanda aka miƙo a bincike shi kafin a buɗe, kuma yaran shago ka buɗe musu asusu na daban wanda ba shi da ikon ɗora manhaja. SSD kuma ba a yi masa difrag, wato sake jera fayiloli, da hannu, Windows ta san abin da ya dace da shi.

To i7 fa? Wadda za ta shiga ramin madabod ɗinka, LGA1155, ita ce i7-3770. Ita ma kwo huɗu ce, gudunta 3.4 GHz, sai dai kowane kwo yana riƙe aiki biyu a lokaci guda. Mai haɗa bidiyon biki zai ga bambanci wajen fitar da aiki. Kai mai Word da CorelDRAW da firinta, da wuya ka lura an canza wani abu. Na zamanin da ya biyo baya kuwa ba sa shiga ramin sam. Da i3 mai kwo biyu ce a ciki, da na ce ka nemi i5. Katin hoto ma haka, ba ya cikin matsalarka, kuma ƙaramin akwatin 7010 wat 240 kacal tukunyar wutarsa ke bayarwa, ba kowane kati take ɗauka ba.

Akwai iyakar da gyara ba ya tsallakewa, gara ka ji ta yanzu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da waɗanda suka shiga shirinta na ƙarin wa'adi mai suna ESU. Windows 11 kuma tana neman firosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, da guntun tsaro TPM 2.0. Taka zubi na uku ce. Ana iya tura mata Windows 11 ta bayan gida, mutane na yi da manhajar Rufus, tana kuma tafiya, amma Microsoft ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da ba irin wannan kwamfutar sabuntawa ba. In aikin injin bugawa da zane ne kawai, zai iya shekaru yana yi maka a kan Windows 10, musamman in ka raba shi da intanet. In kuwa a kansa kake cike wa mutane fom, kana duba sakamakon WAEC da NECO, kana shiga asusun banki, to bayanan jama'a ne a hannunka, kuma injin da ba ya samun facin tsaro ba wurinsu ba ne. Linux Mint kyauta ce, tana gudu sosai a kan irin wannan injin, tana samun sabuntawa, ta ishi duk aikin burauza. Sai dai CorelDRAW ba shi da na Linux, kuma ka fara gwada firintarka a kai daga filas kafin ka ɗora.

Wannan ne ya sa na ce kada ka wuce gig 8. Ranar da ka tashi sayen wata Landan-yus ɗin mai zubi na takwas, SSD ɗinka zai bi ka, zare shi kawai za ka yi ka soka a can. DDR3 kuwa ba zai bi ka ba, waccan DDR4 take ci, i7-3770 ma a nan za ta tsaya.

In kuma ka buɗe Task Manager ka tarar Disk a ƙasa yake, CPU ce ke kan 100% alhali ba ka buɗe komai ba, to labari ya sha bamban, wataƙila wani abu ne ya shiga yana aiki da injinka a ɓoye. Shiga Processes, danna kan CPU don jerin ya tsaru daga mai ci da yawa, ka turo mini sunan na saman tare da launin da CrystalDiskInfo ya nuna maka, kafin ka sayi komai.